Harafi Ɗaya

A Quemchi, bakin teku, inda ruwan sama ba ya jiran damina,
ofishin ƙungiyar masu nutso ɗaki ɗaya ne:
murhun itace a kusurwa,
kwamfuta bisa teburin da ƙafarsa guda ke ɗingishi.
Eduvigis Cárcamo ce mai riƙon sunaye,
ɗari biyu da goma sha ɗaya,
kowane suna da fom ɗinsa,
kowane fom da ɗan gurbi a hannun dama
inda fuska za ta zauna.

Da fari cusa hotunan ta yi cikin rumbun bayanan,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗurin buhu.
Rumbu ya haɗiya, ya haɗiya, ya kumbura,
har ta kai sai ta kunna shi, ta ɗora shayi, ta sauke,
bai gama buɗe ido ba.
Ɗan ƙanwarta Aliro ya leƙo ya ce, Inna,
ai ba a haɗiyar hoto.
Zuba su a jaka can gefe,
ki faɗa wa rumbun hanyar gidansu kawai,
wanda ake nema a aika a kira shi.

Kumburi ya sace.
Shekara huɗu fuskoki na amsa kira,
masu gemu, masu giɓi,
da wanda ya ƙi cire hular ulu ranar ɗaukar hoto.

Sai ga sabuwar kwamfuta daga hukuma,
aka kwashe kaya aka zuba mata, aka yi ta barka.

Ranar Talata Clorinda Barría ta shigo, lemarta na ɗiga.
Kwana goma sha tara ke nan
da mijinta ya sauka neman kumba
igiya ta dawo ita kaɗai.
Ofishin inshora a Castro na son takarda mai hoto,
motar ƙarfe biyu kuma ba ta jiran kowa.

Eduvigis ta rubuta: Floridor Mansilla.
Ga ranar haihuwa, ga sunan jirgi,
ga kuɗin ƙungiya, ya biya har watan gobe.
A hannun dama kuwa fari fat.
Ta matsa na gaba, fari. Na gaba, fari.
Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya
sun nutse tare ba ko kumfa.

Clorinda ba ta ce komai ba.
Gurbin take kallo
irin kallon da take yi wa ruwa da asuba.

Wayar Aliro a kashe, yana can kan teku.
Eduvigis ta gyara tabarau,
ta bi hanyar da yatsa a jikin gilashi,
harafi bayan harafi, kamar mai tsintar shinkafa.
Can farkon layi ta gan shi:
rumbu na ƙwanƙwasa ƙofar C,
mutanen kuwa sun tare a D.

Ta goge ɗaya, ta sa ɗaya.

Floridor ya taso.
Amma gurbin ya ja shi ta gefe da gefe,
kumatu sun baje, kai ya zama faranti.
Dariya ta ƙwace wa Clorinda, ta toshe baki da gyale:
wannan ƙaton fa? Nawa ko miya ba ta kama jikinsa.
Eduvigis ta hana gurbin miƙa shi,
ta ce ya bar mutum yadda ya zo.
Fuskar ta tsuke, ta dawo siririya,
da tabon ƙugiya a ƙasan ido.

Firinta ta yi tari, ta fara turo rahoton,
goshi tukuna, sannan idanu,
tawada ta ɗan gaza wajen haɓa.
Clorinda ta karɓa da ɗuminsa,
ba ta yarda ta ninke ba,
ta zura shi cikin rigar sanyi, ta fita.
Biyu saura kwata.

Eduvigis ta ƙara itace a murhu.
Akwai saura ɗari biyu da goma.