Ranar da Baba Gotom Ya Miƙa Makulli

An jera kujerun roba a inuwar bishiyar turare,
an shimfiɗa wa teburin Fada farin leshi.
Su huɗu ne a gaba, kowa da fure a ƙirji,
sun takure, ba su saba a zaunar da su ba.

Tun sanyi bai saki ƙasa ba na baro Bukuru,
a bakin ƙofa na tuɓe hular sanyi na cusa aljihu
don kada Madam Kangyang ta ce,
"Kai, nan ba tashar mota ba ce!"
Shekara ashirin da fitata,
gemuna har ya soma furfura,
amma idonta bai daina yi mini kwarjini ba.

Ita ta zana mini sifiri da jan biro,
ƙato, kamar bakin ramin kuza,
ta rubuta a ƙarƙashinsa: Zo da yamma.
Wata uku ina zuwa da yamma.
Gyatumata ta aika mata kwandon dankali,
ta sa ni na ɗauka a ka, na kai kicin.

Ga Malam Longkat na ɗakin gwaje-gwaje,
wanda wuta ta lashe wa girar hagu a gabanmu,
ya juyo yana hayaƙi ya ce,
"To, kun ga abin da ba a yi."
Har yau girar ba ta yafe masa ba.

Mama Nanchin, uwar tukunya,
gwatenki na acca ya raine mu.
Ludayinki ya san yaron da ba a zo wa ziyara ba,
idan ya iso kwanonsa sai ya nutse har ƙasa
inda naman ya ɓuya.
Ba ki taɓa kallonsa ba, don kada ya ji kunya.

Sai kai, Baba Gotom.
A nan harshena ke nauyi.

Ranar da hayaƙi ya turnuƙe garin nan,
aka zo bakin ƙofa ana tambayar sunaye,
mu bakwai ne masu salla a ajinmu.
Sista ta tura mu bayan bagadi,
muna jin ƙamshin kyandir, muna haɗiye kuka.
Kai kuwa ka datse ƙofa,
ka zura makulli cikin safa,
ka zauna bisa bencinka kana jan rosari.
Ka ce, "Duk yaron da ke ciki ni na haife shi.
Mai son ɗana, ya fara da ni."
Da magariba ka turo mana buta
da buhun masara wanda aka zazzage,
ka nuna da haɓa: gabas tana can.
Kwana uku.
Ba a rubuta wannan a takardar yabon da aka karanta yau ba.

Abin da aka karanta: haƙuri, riƙon amana, zuwa kan lokaci.
Aka ba kowa bargo, da ambulan mara nauyi,
da agogon bango,
yau da suka gama da lokaci.
Mawaƙa suka ɗaga murya, Fada ya sa albarka,
hadari ya haɗo daga duwatsun Shere
ya tsaya yana jira a ce amin.

Bayan an watse na same shi a bakin ƙofa
yana koya wa sabon mai gadi:
"Kwaɗon nan ba ya son ƙarfi,
ɗaga ƙofar kaɗan, sannan ka murɗa."
Ya miƙa makullin, hannunsa bai sauka da wuri ba.

Na durƙusa. Duk jawabin da na haddace a mota ya gudu.
Ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana duba na,
sannan ya ce, "Hudu ɗan Gangare,
yau ma ka makara."