Agogon da Nelida ta aiko

Daga Santa Cruz 'yata ta aiko shi
a ɗan kwali kamar na zobe.
Ta ce, “Baba, ko barci za ka yi kada ka cire,
zai riƙa gaya mini iskar da ke jininka.”

Shekara talatin da ɗaya na yi a cikin dutsen Potosi,
ganyen koka a kunci, fitila a goshi.
Azurfa ta tafi inda ban sani ba,
ƙura ta tare a ƙirjina.
Buhu ake ƙirgawa a lokacin.
Wa ya damu da numfashi?

Yanzu jan haske ke leƙen fatata.
Tamanin da shida da safe.
Na hau gangaren kasuwa, tamanin da ɗaya,
sai waya: “Baba, zauna!”

Na zauna kusa da Eulogio, abokin ramina.
“Ara mini in gani.”
Saba'in da huɗu.
Muka zuba wa dutsen ido.
Ya ce, “Agogon nan maƙaryaci ne.”
Na ce, ƙwarai.

Wayar ta sake ƙara a aljihuna.
Ban ɗauka ba.