Rumfar Kuluwa a Bakin Galma

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa tuwo a Samaru,
ɗalibai su ci, su goge baki, ba su san sunana ba.
Ran da aka miƙo min ɗan kuɗin sallama
na ƙulle a bakin zane, na hau motar Dakace,
ko muciyata ban bari a can ba.

Ƙauyenmu yana nan yadda na bar shi.
Rake ya yi duhu a bakin Galma,
tumatir na narkewa a kwando yana jiran dillali.
Masu ban-ruwa tun asuba ƙafa cikin laka,
azahar ta yi, sai garin kwaki da ruwan rafi,
ko ƙuli ba kullum ba.
Malamin firamare sai ya tuƙa keke har kwalta
kafin ya ga hayaƙin abincin sayarwa.

Na ce, ƙasar da ke cika kasuwar Sabon Gari,
a ce ɗanta ya rasa inda zai zauna ya kai loma?

Kwanon rufi na sayo, na hannu, bandir ɗaya.
Tanimu kafinta ya tsaga mangwaron da iska ta kayar,
ya yi benci uku, ɗaya na ɗingishi har yau.
Yalwa ta ba ni aron tukunyar biki,
ta ce, "Kika ƙona gindinta, ni da ke ne."

Ranar farko Laraba ce.
Kuka ta ji daddawa, taushe ya ji kabewa,
na share, na yayyafa ruwa, na zauna.
Maza na wucewa, suna gaisuwa daga nesa,
hanci yana nan, ƙafa tana can.
Ashe kunya ce.
Wanda aka gani a bencina
za a ce rumbunsa ya yi ƙasa.
La'asar ta yi, tuwo ya yi ɓawo,
na raba wa maƙwabta ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Alhamis haka. Juma'a haka.

Asabar sai ga Baba Nomau da sandarsa,
wanda Inna Delu ta tafi ta bari da damina,
wata biyar yana cin na gidan mutane, kai a sunkuye.
Na nuna masa lungu, bayan zana.
Ya ce, "A'a, 'yata. Jawo min bencin bakin hanya."
Ya wanke hannu, ya fuskanci gari,
duk wanda ya gifta sai ya ɗaga murya:
"Bismillah! Matso, ba haram ba ne."
Da ya suɗe kwano ya zaro albasa bakwai daga aljihu.
"Ba ni da naira. Wannan ta isa?"

Ta isa.

Yanzu cinikinmu iri-iri ne.
Mai kuɗi ya ba da kuɗi.
Mati ya kawo itace, a ƙirga masa malmala huɗu,
Ladidi ta kawo man gyaɗa, ta ɗauki na yaranta.
Wanda ba shi da komai, ga bango ga gawayi,
zane ɗaya malmala ɗaya, sai kaka ta yi.
Rannan ruwan sama ya wanke rabin bangon.
Ban sake zanawa ba.

Kada ku ce riba nake kwasa.
Jiya na ƙirga, na sake ƙirgawa,
abin da ya saura bai kai kuɗin niƙa ba.
Rufin na yoyo daidai kan murhu,
masara ta yi tsada, gwiwata ta fara magana.
Ɗana ya bugo waya daga Kaduna:
"Inna, don Allah ki huta mana."

Amma ɗazu wani yaro cikin 'yan lodin rake,
ƙaiƙayin ganye har wuyansa,
ya leƙo ya ce, "Iya Kuluwa, akwai ƙanzo?"

Iya Kuluwa.
Shekara ashirin da biyu ban ji shi a bakin mai ci ba.

Bari in jiƙa masara.
Gobe kasuwa ce, da sassafe za su zo.