Gumin Bango

A Gumel, in ruwa ya shigo ɗaki
mun san ta inda ya biyo:
ko indararo ya toshe, ko kwano ya huje.
A hau sama da kwalta, magana ta ƙare.

Nan Oldham, hawa na biyu, lamba sha tara,
rufi lafiya lau,
amma kullum asuba taga na hawaye,
bango na gumi kamar mai bashi ya hango mai kuɗi.

Ran nan na ja kwaba ina neman fasfo,
sai ga ta a lungu.
Fumfuna.
Baƙa, ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda,
ta zana taswirar ƙasar da ba ni da bizarta.
Ta hau shaddar da na ajiye wa Sallah,
ta yi wa takalmin fata koren gemu,
hular Baba ma, da ban taɓa sawa ba tun rasuwarsa,
ba ta ji nauyinta ba.

Na kira Mista Whitworth, mai gidan.
Ya shafa bango da yatsa, ya shinshina,
ya ce, "Ba yoyo ba ne. Ku ne.
Girkinku, shanyarku, numfashinku."
Na yi shiru.
Ashe akwai garin da ake tuhumar mutum da numfashi.

"Buɗe taga," in ji shi, "kunna hita."
Buɗe taga, sanyi ya shigo ba sallama;
kunna hita, mita ta haɗiye fam goma kafin la'asar.
Gaba kura, baya sayaki,
ga Rumasa'u a tsakiya tana tari,
tarin da ke tashe ni ƙarfe uku na dare
in zauna ina ƙirga shi kamar carbi.

Halina ta ƙasan bene, tsohuwa 'yar Folan,
shekararta talatin tana wannan yaƙi.
Ta hawo da ruwan khal da safar hannu,
ta ɗaura mini takunkumi da kanta.
Kar ka kankare ta a bushe, in ji ta, tashi take.
Ja gadon nan, bar wa bango taƙi guda ya sha iska.
Tukunya da murfinta. Ƙofar kicin a rufe.

To, yanzu tuwo na dahuwa a ɓoye kamar asiri.
Bayan sallar asuba, tun ban naɗe darduma ba,
ni da tsumma muke bin gilashi,
in buɗe taga minti goma, haƙora na kaɗawa.
Na rubuta wa hukumar gari, har da hotuna.
Sun ce suna tafe.

Da kuɗin aikin dare biyu
na sayo na'urar zuƙe danshi, ta hannu, mai gurnani.
Kowace safiya takan miƙo mini lita biyu
da ta tatso daga iskar ɗaki,
garau, kamar na rijiyar bayan masallaci.

Nakan tsaya riƙe da shi.
Can gida Inna na leƙen mai garuwa tun hantsi,
ni nan ina rasa inda zan kai ruwa.
Ban iya zubarwa a makwarara ba.
Na shuka attaruhu a robar madara, bakin taga,
ina ba shi numfashinmu yana sha.

Jiya Rumasa'u ta ƙirga ganye huɗu.
Tarin ya ragu.
Lungun kwaba kuwa, ban yarda da shi ba tukuna,
kowace Juma'a sai na haska shi da fitilar waya.