Iskar Gefe

Ranar da Maigida Barau ya ba ni sitiyari
daga Gujungu muka taso, la'asar sakaliya,
katifu goma sha biyu a saman bas,
na ɗaure su da roba, na ƙara da igiyar kaba.
Na ce, kayan yau ba nauyi, tafiya sai daɗi.
Ya ɓantari goro, bai ko dube ni ba:
"Mara nauyin shi iska take nema."

Gabas ta haɗe rai tun azahar.
Amma darbejiya na jere hagu da dama,
mota na bin kwalta kamar zare a allura,
har na saki hannu ɗaya
ina gyara madubi don in ga fuskar direba.

Sai itatuwa suka ƙare.
Titi ya hau tudu a tsakiyar fadama,
shinkafa nan, ruwa can, babu ko kargo.

Ba ta zo ta gaba ba,
da na ji ta a totur.
Ta kafaɗa ta zo, kamar mai neman rigima a kasuwa.
Sitiyari ya yi sakayau, ya koma faifai,
ban juya ba, amma bakin titi ya matso,
katifu a sama sun zama bango,
iska ta samu wurin dafawa.
Iya Tasalla ta saki salati,
kajinta suka amsa daga ƙarƙashin kujera.

Ƙafata ta tafi neman birki.
Ya dafe min gwiwa.
"A'a. Ɗaga daga totur, ka bar ta ta huce.
Hannu biyu.
Ka taɓa ganin an fizge sa a tsakiyar kunya?
Jingina mata kaɗan. Kaɗan na ce."

Na karkata hagu da faɗin yatsa biyu,
mota ta miƙe, tana tafe a karkace
kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya.

Ga tirela nan tafe, ta ɗauko siminti.
"Za ta tare maka iskar," in ji shi,
"kai kuma kana tura abin da babu. Sassauta."
Ta zo daidai mu, duniya ta yi tsit,
bas ta nufi tayoyinta kamar an kira ta,
na sassauta,
wutsiyarta na wucewa
mari ya dawo, ya fi na farko.
Wani abu ya yi fat a sama.
Ban waiwaya ba.

A Jahun na kasa buɗe yatsuna.
Muka ƙirga katifu a cikin yayyafi:
goma sha ɗaya.
Wata biyu yana cire kuɗinta daga sallamata,
bai taɓa yin faɗa a kai ba.

Yau shekara tara bas ɗin tana hannuna.
Yarona Ɗantani yana dariya
in ya ga ina kallon kan gamba,
da ledar da ta maƙale a ƙaya,
da babbar rigar mai keke, wane gefe ta kumbura.
Jiya ya ɗora jarkoki wofi har hawa uku,
ya ce, Oga, yau ba nauyi.
Na ce ya sauke hawa ɗaya,
ya shigo da su ciki, ya zauna a kansu.