Mita Biyar

A Balparaiso titi ba ya kwanciya,
tsaye yake kamar tsanin da aka jingina daga bakin teku.
Gidaje sun hau kafaɗun juna,
katako da kwano, shuɗi da ja,
iskar kudu kuwa in ta taso ba ta sallama.

Ni ne Anselmo. Shekara ashirin da uku
ina jan motar kashe gobara, ba don albashi ba.
Na san faɗinta kamar faɗin ƙirjina.
Na san kwanar gidan burodi,
inda taƙi ɗaya ke raba wucewa
da tsayawa ana shaƙar ƙauri.

Doka ba ta da surutu:
mita biyar daga famfon gobara,
mita goma daga kwana.
Masu mota ma maganarsu ɗaya ce:
"Yanzun nan zan fito."

Haka Rigoberto ya ce, daren Laraba.
Ba mugu ba ne.
Maganin tari ya kawo wa 'yarsa,
ya ɗora tayar a-kori-kura kan rawayan fenti,
ya haura matakala da gudu.
Yarinya ta yi barci a ƙirjinsa,
shi ma barci ya sace shi.

Biyu saura na dare, jiniya na kuka,
ni ina danna hon har tafina ya mutu.
Minti bakwai. Na ƙirga su, har yau ina ƙirgawa.
Mu shida muka ciccibi gindin motar
muka ja ta gefe kamar jaki mai taurin kai.
Kafin mesa ta cika ciki
wuta ta gama suɗe gidan Eulalia.

Ba wanda ya mutu.
Da haka kowa ke fara labarin.
Amma keken ɗinkinta ya lanƙwashe,
hoton mijinta da teku ya riƙe ya zama toka,
har da akun da ya iya tari irin nasa.

Tarar da aka yanka bata kai kuɗin taya biyu ba.
Ya biya.
Rasidin na nan a aljihunsa, ya yi laushi kamar tsumma.

Yanzu duk shekara, in ruwa ya ɗauke,
sai ya zo da gwangwanin fenti ya durƙusa.
Eulalia na fitowa daga ɗakin haya
da tef ɗin awon da ya tsira a wuyanta,
ta auna daga famfo, ta aza dutse.
Ba sa gaisawa.
Yana shafawa, tana kallo.
In ya kai dutsen sai ta ce, "Ƙara kaɗan."
Sai ya ƙara.

Jiya na bi ta wurin da hantsi.
Fentin bai gama bushewa ba,
ga wata farar mota a kai,
fitilunta na ƙyafta ido,
ba kowa a ciki.