Wata Huɗu

Shekara tara ina cire haƙori,
hannuna ya iya tumɓukewa, bai iya shuka ba.
Sai ga ni a Jos na koma ɗaliba
da furfura biyu ƙarƙashin ɗankwali,
ina sayen kan rago wajen Ilu mahauci.
Ya ce, "Likita, kullum farfesu?"
Ban gaya masa ba
muƙamuƙin nake hudawa da dare
don in san inda jijiya take kwana.

Ran Talata aka kawo mana Baba Dalyop,
tsohon mahaƙin kuza daga Bukuru.
Dasashi ya lotsa,
ƙashi ya zaizaye kamar bakin kududdufin
da kamfani ya haƙa ya tafi abinsa.
Malamarmu ta ɗaga hoton, ta ce,
"Ba a kafa turke a rairayi.
Ciko tukuna, ƙashi ya tofo."

Na zuba garin ƙashi,
na lulluɓe da 'yar fata kamar ɓawon albasa,
na ɗinke.
Ɗinki na huɗu ya karkace,
ta sa na warware.

"Yaushe zan ci gasasshiyar masara?"
Na ce wata huɗu kafin a dasa ƙusar.
Ya yi dariya, auduga a baki:
"Ramukan da na haƙa,
shekara hamsin babu wanda ya cike.
Wata huɗu ai gobe ne."

A bakin famfo na ƙirga da yatsu.
Masarar bana za ta wuce shi.
Na rubuta a gefen katinsa:
ta baɗi.